Rasuwar Batirin Makullin Alhaji Mati

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da kuma sallamawa ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, Alhaji Mati na Ƙofar Kwaya, mataimakin darakta a wata ma'aikata ta jiha, tare da maiɗakinsa Hajiya Safara'u, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa roƙon a ba shi ya danna sau ɗaya, rasuwar batirin da ke cikin rimot ɗin makullin motarsa.

Marigayin ya cika ranar Litinin da ta wuce, dab da La'asar, yana bakin aiki, a ƙarƙashin babban yatsan maigidansa. Ya tafi saura kwana biyar soja su miƙa mulki. Bai ga farar hula ba, ko da yake ya sha jin labarinta daga cikin aljihu.

Ana roƙon jama'a su daina yi wa Alhaji jajen mota. Mota lafiyarta ƙalau, tana tashi, tana tafiya, tana shan mai kamar yadda ta saba. Makulli ma yana nan da ransa, yana buɗe ƙofa idan an zura shi an murɗa. Shi kansa rimot ɗin, wato ɗan baƙin gidan roba mai madanni biyu da ke maƙale a gindin makullin, bai mutu ba. Wanda aka rasa shi ne ɗan ƙaramin da ke zaune a cikinsa, fari, zagayayye, wanda faɗinsa bai fi maɓallin kwat ba.

Ba a san garin haihuwar marigayin ba. An dai san ya shigo ƙasar nan shekara uku da suka wuce, cikin wata mota 'yar Beljiyam da ta biyo ta Kwatano. Shekarunsa kuwa sai Allah, domin kamar duk abin da ke biyo wannan hanya, da tsufansa ya zo. Ya yi zamansa cikin duhu, bai taɓa neman a buɗe a duba shi ba. Abin da ya fi ci wa Alhaji rai ke nan. Shekara uku suna tare, aljihu ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, amma bai san akwai shi ba sai ranar da ya mutu.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kawaici, marar yawan magana. Duk zamansa kalma biyu aka sani a bakinsa, su ma ta bakin mota yake faɗa. Idan an buɗe ya ce “kik”. Idan an kulle ya ce “kik-kik”, fitilu su ƙifta sau biyu, shi ke nan ya gama jawabi. Bai taɓa neman mai ba. Lokacin da motar ta kwana uku a layin gidan mai tana jiran rabo, shi yana nan yana aikinsa. An ɗauke wuta sati guda a unguwa, firji ya zama akwati, fanka ta zama ado, shi ko a jikinsa. Bai taɓa shiga yajin aiki ba, abin da ba za a iya faɗa a kan maigidansa ba.

Ya sha wahalar mutane, bai kai ƙara ba. A lokacin da motar ta zo, duk Ƙofar Kwaya babu mai irinta, kuma Alhaji Yari, aminin Alhaji Mati tun firamare, ya ɗauki abin tamkar motarsa ce. Duk baƙon da ya zo majalisarsu ta bakin lungu, sai Alhaji Yari ya ce, “Alhaji, kawo makullin nan a gwada mashi.” An danna marigayin daga bayan baya. An danna shi daga cikin aljihu don a ga kamar ido Alhaji ya ƙifta wa motar. An danna shi daga ƙofar masallaci don a auna iyakar inda yake ji. Wani dattijo daga Batagarawa, da ya ji motar ta yi magana ba kowa a ciki, sai ya amsa mata da “Wa alaikumus salam”, kuma har yau bai yarda kuskure ya yi ba.

Duk wannan wasa ne. Ainihin aikin marigayin, wanda saboda shi ake wannan sanarwa, aiki ne da mutum uku kaɗai suka san da shi, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa faɗa da baki.

Alhaji Mati ɗan fari ne. Mahaifiyarsa Hajiya Mairo, wadda duk gidan ke kira Inna, tana nan da ranta, ta haura tamanin, ido ya yi rauni, kunne kuwa sai dai a yi hankali da abin da ake faɗa a tsakar gida. Inna mutuniyar dā ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Shekara hamsin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa tambaya ko ya ci abinci ba. Idan ya durƙusa a bakin ƙofarta yana gaisuwa, bango take amsa wa. Da yana yaro “wancan” take ce masa, da ya sayi Basfa ya koma “mai babur”, da mota ta zo aka yi masa ƙarin girma ya zama “mai mota”.

Shekara biyar da suka wuce, lokacin wani yajin aiki, Alhaji yana sakataren ƙungiyar ma'aikatansu, wasu masu kaki suka zo ofis suka ce ya zo ya amsa tambaya biyu. Tambayoyin nan biyu sun ci kwana goma sha tara. Mutanen gida suka haɗa baki suka gaya wa Inna an tura shi kwas Kaduna. Ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta tambaya ba, don uwa irinta ba ta tambayar ɗan fari. Kwano kawai ta riƙa turewa, har ta koma kamar a hure ta ta faɗi. Ranar da aka sako shi ya zo ya durƙusa, ta dubi bango ta ce, “An dawo?” Sannan ta ce wa Hajiya Safara'u ta dama mata fura.

Tun daga ranar Inna ta kafa doka ba tare da ta sanar da kowa ba. Bayan kokon safe ba ta ƙara sa komai a baki sai ta tabbatar ya dawo daga aiki, kuma ba ta karɓar shaidar ɗan Adam, tunda 'yan Adam ne suka ce mata Kaduna. Zamanin Basfa abin da sauƙi, don har zaure take shiga da ƙararta. Mota kuwa ba ta shiga lungunsu, mai lanƙwasa uku, wanda ko jaki da mangala sai ya karkace. A fili ake ajiye ta, bakin titi, kuma cikin ikon Allah bayan ɗakin Inna ne ya kalli filin, da 'yar tagarsa can sama. Ƙarar inji ba ta da amfani, don titi cike yake da injuna. Hon kuwa na kowa ne. Amma “kik-kik” guda ɗaya ne a unguwar.

Haka aka yi shekara uku cikin rufin asiri. Alhaji zai iso wajen ƙarfe huɗu saura, ya fito, ya danna, ya wuce majalisa. A nan akwai dattawa bakwai, kowanne da gaisuwarsa tun daga gajiya har iyali har labarin zafi, sannan a yi La'asar, sannan a zauna a gyara ƙasa har Magariba. Can cikin gida kuwa, da marigayin ya ce “kik-kik”, Inna za ta gyara zama ta ce, “Safara'u, yunwa nike ji, mi kuka dafa?” Ita ba ta jira kowa ba, shi bai aika wa kowa saƙo ba. Mota ce ta yi kuka, tsohuwa kuma ta ji yunwa, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Ciwon ajali ya fara ne da damina ta gabato, kuma Alhaji yana neman gafarar jama'a don ya ga alamu ya share. Da, daga ƙofar masallaci marigayin yake ji. Sai ya koma sai an zo rabin fili. Sai ya koma sai an tsaya jikin mota an danna sau biyu, an ɗaga hannu sama kamar mai kiran ɗan acaɓa. 'Yar jar fitilar da ke kan rimot ɗin ta riƙa dusashewa. Alhaji ya ce zafi ne, kowa ma a wannan watan ba ya jin kira da wuri. Ranar Litinin ya danna, fitilar ta yi ɗan ja kaɗan ta ɗauke, motar ta ce “ki”, ba ta ƙarasa ba. Wannan ita ce kalmar marigayin ta ƙarshe.

Alhaji ya kulle ƙofa da makulli, shiru kamar ɓarawo, ya tafi majalisa yana cewa gobe ya duba. Bai kawo komai a ransa ba sai da ya shiga gida bayan Magariba ya tarar da Hajiya Safara'u tsaye a tsakar gida da kwano a rufe.

“Alhaji, Inna ba ta ci ba. Na ce mata kana waje, ga muryarka can ana dariya. Ta ce ita ba ta tambaye ni kowa ba, cikinta ne ba daɗi.”

Ya leƙa ya gaishe da Inna. Tana zaune a bakin gado da carbi, gefen mayafinta a jiƙe. Sai a lokacin ya gane abin da shirun motar ya jawo.

Ranar Talata Alhaji ya yi abin da ya ɗauka dabara ce. Yana ajiye mota ya ɗaga wa dattawa bakwai hannu daga nesa, ya bi lungu da sauri, ya durƙusa a ƙofar Inna ya ce, “Inna, na dawo. Na ce in shigo ki sani.” A nan ya ɓata komai. Ya fito fili ya nuna ya san tana jiransa, a gaban surukarta. Inna ta juya baya gaba ɗaya ta ce wa bango, “Wa ya tambaye shi?” Don ta tabbatar wa duniya ba shi take jira ba, ranar ko furar ba ta taɓa ba. A waje kuma majalisa ta yanke hukunci cewa lallai an yi wa Alhaji alkawarin muƙami a sabuwar gwamnati, tunda ya fara gaisuwa da hannu.

Daga nan aka shiga jinya gadan-gadan, kuma iyalan marigayin suna so a san an yi iya ƙoƙari. Alhaji ya ɓamɓare rimot ɗin da wuƙar yanka albasa, ya ji wa robar ciwo a wuri biyu, ya ga marigayin ido da ido karo na farko. Alhaji Yari ya karɓe shi a tafin hannu, ya juya shi, ya ce, “Wannan ai ba mutuwa ya yi ba, suma ce. Batir rana shike so. A shanya shi.” Aka shanya shi kan katanga tun hantsi har Azahar, aka kafa Hajiya Safara'u tana korar kaji. Ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma bai farfaɗo ba. Wani a majalisa ya ce a ɗan cije shi, don haka suke yi wa na tocila. Alhaji ya cija, haƙorinsa ya gaya masa kada ya ƙara.

Ranar Laraba Alhaji Yari ya dawo da sabon ilimi. “Na gano ciwon. Datti ne ya rufe mashi fuska, wuta ba ta samun hanyar hita. A wasa shi.” Aka ɗauko dutsen wasa wuƙa, Alhaji Yari ya naɗe hannun riga ya zauna, ya goge marigayin gaba da baya har ya riƙa ƙyalli kamar sabon faranti. Akwai wasu 'yan ƙananan rubuce-rubuce a fuskarsa, su ma aka goge su tas, don Alhaji Yari ya ce a cikinsu dattin yake maƙalewa. Aka mayar da shi, aka danna. Shiru.

A ranar ce, da ƙarfe huɗu ta gabato babu mafita, Alhaji Mati ya aikata abin da ya roƙi kada a sa a sanarwar nan, Hajiya Safara'u kuma ta ce sai an sa. Ya ajiye motar a karkace yadda za ta kare shi daga majalisa. Ya zagaya baya kamar mai duba taya, ya tattare babbar riga, ya tsuguna ƙarƙashin tagar Inna, ya matse maƙogwaro ya ce, “Kik-kik.” Mutum mai shekara hamsin da huɗu, mai sa hannu a takardun gwamnati. Maƙogwaron bai saba da wannan aiki ba, sai tari ya biyo baya, ya toshe baki da hula.

Da ya shiga gida bayan Magariba, Hajiya Safara'u ta tare shi da kwano, ta buɗe masa. Inna ba ta bar ko loma ba. Alhaji ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, kuma ya ɗan ji kansa, don a ganinsa ya yaudari kunnen da ba a taɓa yaudara ba.

Ranar Alhamis ya shiga kasuwa neman magaji. A nan ya gane ɓarnar dutsen wasa. Duk shagon da ya je tambaya ɗaya ce, lamba nawa? Ashe rubutun da aka goge sunan marigayin ne. Alhaji ya riƙa yawo da gawa a aljihu, ba suna, ba dangi. A ƙarshe wani mai shago ya ɗora ta kan wani sabo, ya ga faɗinsu ɗaya, ya ce ai shi ne. Aka sa shi ya zauna a gurbin yana kwaram-kwaram, idan an girgiza ana jin motsinsa. Aka cusa masa takardar alewa ta baya don ya matse, duk da haka ko ƙifta ido bai yi ba.

Da yamma Alhaji ya koma ƙarƙashin taga. Ya ce “kik-kik”, ya yi tarinsa, ya ɗago kai, sai ga Alhaji Yari tsaye a kansa da buta.

“Alhaji, lahiya? Halan shaƙuwa ce?”

“Taya nike dubawa.”

“Da baki?”

Alhaji Yari ya dubi tagar, ya dubi amininsa. Sannan ya juya ya ba shi baya, ya baza babbar rigarsa ta kare shi daga titi, ya ce, “In ba ka gama ba, ƙarasa. Tayar nan lallai tana son dubawa.” Iyalan marigayin sun yafe masa maganar dutsen wasa saboda wannan.

Amma Alhaji ya san abin ba mai ɗorewa ba ne. Murya ta fara dishewa, kuma ranar da Inna ta gane ɗanta ne ke tsugunawa bayan ɗakinta yana kukan mota, kunya za ta sa ta rufe kwano rufewar da ba wanda ya san ranar buɗewa. Hajiya Safara'u ce ta ce, “Wai ni kam, abin nan ba irin na cikin agogo ba ne? Ka tahi wurin mai agogo mana, ka bar masu tocila.”

Da safiyar Juma'a Alhaji ya tsaya wajen Ƙofar Kaura, inda Malam Ezekiel, mutumin kudancin Kaduna, ya yi shekara talatin da teburinsa da akwatin gilashi cike da agogai, kowanne da lokacin da ya ga dama. Bayan an gaisa an tambayi iyali da aiki da zafi, Alhaji ya kwance hankici ya ajiye marigayin a kan tebur. Malam Ezekiel ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya duba, ya cire gilashin, ya dubi Alhaji.

“Alhaji, wane ne ya yi masa wannan aiki?”

“Wani ɗan uwa ne. Da niyyar alheri.”

“To, Allah ya kiyaye mu da alherin 'yan uwa. Wannan abu, in ya mutu ya mutu. Ba rana, ba cizo, ba dutse. Abu ɗaya yake bar maka, sunansa, shi ne kuma kuka goge.”

Ya yi bayani a hankali, irin na mutumin da ya saba da masu zuwa bayan sun gama ɓatawa. Sunan irinsu lamba huɗu ne. Biyun farko faɗinsa, biyun ƙarshe kaurinsa. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfen awo mai baki biyu ya kama marigayin, ya ce faɗi ashirin ne, wannan ba gardama. Kauri ne dutse ya ci, amma abin da ya saura ya kusa uku. Sannan ya karɓi rimot ɗin, ya nuna wa Alhaji wata 'yar tsaga a gefe wadda aka yi musamman don buɗewa, nesa da inda wuƙar albasa ta bi. Ya naɗe bakin siririyar sukudireba da ƙyalle, ya zura, ya ɗan murɗa, robar ta rabu biyu ba ƙara. Ya zaro baƙon jiya da takardar alewarsa.

“Wannan ashirin da sha shida ne. Ƙanensa ne, fuska ɗaya, amma rabin jikinsa. Kuma kun kwantar da shi a kife. Ka ga wannan alama ta tarawa? A wannan gida sama take kallo.”

Ya juya murfin rimot ɗin ya kai shi haske, ya miƙa wa Alhaji gilashin. A jikin robar, ta ciki, ga lamba nan ƙanana an zana tun daga masana'anta: 2032. Tun jiya Alhaji yana yawon neman sunan da ke cikin aljihunsa. Ya karanta shi sau biyu a bayyane, a hankali, kamar yadda ake faɗin sunan wanda aka daɗe ana zalunta.

Malam Ezekiel ya ɓare sabo daga takardarsa, ya kama shi ta gefe da gefe don kada maiƙon yatsa ya taɓa fuskarsa, ya zaunar da shi, ya haɗa murfin har ya ce ƙas. Motar tana tsallaken titi. Ya ce, “Bismillah, Alhaji, kai ne mai shi.” Alhaji ya danna. “Kik-kik.” Fitilu suka ƙifta. Alhaji ya kama hannun Malam Ezekiel da hannu biyu ya riƙe, har mai agogo ya fara tambaya ko akwai wani abu kuma.

Bayan an sauko Juma'a ya ajiye mota a inda ya saba, ya danna sau ɗaya da ƙarfin zuciya, ya tafi majalisa ya biya dattawa bakwai gaisuwar ranar Talata har da ƙari. Bayan Magariba ya shiga ya durƙusa a ƙofar Inna. Kwano yana gefe, an ci rabi an bar rabi. Ta amsa wa bango gaisuwarsa kamar kullum. Har ya yunƙura zai tashi, sai ta yi magana.

“Safara'u.”

“Na'am, Inna.”

“Ki gaya ma mai mota, kukan yau ya yi, ba laihi. Amma na jiya da shekaranjiya ya hi.”

Hajiya Safara'u ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. “Wanne ke nan, Inna?”

“Mai tari a ƙarshe.” Ta ja carbi ɗaya, biyu. “Shi na san inda aka yi shi.”

Shekara hamsin da huɗu Alhaji Mati bai taɓa jin magana mai kama da wannan daga bakinta ba. Ya tashi ya fita zaure ya zauna a kan dakali. Ya ce hayaƙin murhu ne ya shigar masa ido, ko da yake an daɗe da kashe wuta.

Marigayin ya bar makullin mota, da makullin zaure, da na ofis, da wani ɗan makulli da ba wanda ya tuna abin da yake buɗewa, da abin yanke farce, dukansu a zobe ɗaya. Ya bar ƙane guda, ashirin da sha shida, wanda Malam Ezekiel ya yi alkawarin sama wa aiki a cikin wani agogo. Ya bar magaji, wanda ya kama aiki jiya. Ya bar dattijon Batagarawa da bai samu labari ba tukuna.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce babu wanka, babu likkafani, babu salla, ya kuma ce Alhaji ya ji tsoron Allah, amma yana dariya ya faɗa. Malam Ezekiel ya yi gargaɗi kada a yar da marigayin a tsakar gida ko a bola, inda yaro ko kaza za su haɗiye shi. Saboda haka yau Asabar, da zarar rediyo ya gama kawo rantsar da farar hula, za a ɗauki marigayin cikin kwalin ashana daga Ƙofar Kwaya zuwa Ƙofar Kaura, a sa shi a gwangwanin da Malam Ezekiel ke tara irinsa, ya kwanta cikin danginsa. Alhaji Yari ne zai riƙe kwalin, bisa sharaɗin ba zai buɗe ba.

Zaman makoki yini ɗaya ne, a majalisar bakin lungu. Ba a buƙatar abinci, ba a buƙatar shawara. Magajin marigayin ba ya karɓar baƙi, kada kowa ya ce a ba shi ya danna.

Daga Litinin kuma, duk wanda ya biyo ta filin wajen ƙarfe huɗu saura, ya ji mota ta ce “kik-kik”, sannan ya ga wani mutum da babbar riga ya zagaya ya tsuguna ƙarƙashin wata taga, ana roƙonsa kada ya tambayi lafiyar taya. Ya ɗan tsaya daga nesa, ya bari a gama tarin, sannan a gaisa. Akwai wadda ke ciki da rabin kwano tana jira.